Abin da Kabiru Ya Kira Guguwa

Tun farkon makon nan gidan rediyo yake maimaita gargaɗi cewa ruwan bana zai yi yawa, kuma waɗanda suke zaune a bakin rafi su tattara su koma tudu. Jiya da hantsi na ji maƙwabcina, wanda katangarsa take jingine da kwalbati, yana gaya wa mai kayan miya cewa ai kowace shekara haka suke faɗa. Ya yi dariya, mai kayan miya ya taya shi. Na rufe taga na zauna, amma dariyar ta riga ta shigo, ta kuma mayar da ni wani azumi da na yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shekaru da dama da suka wuce, inda na ji irinta a bakin mutumin da ya fi maƙwabcina taurin kai nesa ba kusa ba.

Ya kamata in fara da abin da ya kai mace mai shekaruna can. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, kuma shi ya sa ni a makarantar mishan ta 'yan mata, duk da surutun da dangi suka yi. A can aka koya mini cewa ɗinkin da bai miƙe ba warware shi ake yi, kuma ba a furta kalma don kawai ita ce ta fi kusa da baki, sai in ta dace da abin da ake nufi. Na koyar da ɗinki da kula da gida har na yi ritaya. Ɗan ƙanena Kabiru, wanda a lokacin ya haura arba'in, yana sayo wandunan jins daga Sin yana kai wa 'yan kasuwar Kano. Bayan an aiko masa da kaya har sau biyu aljihu a karkace, zik yana cijewa, sai ya zo ya durƙusa a gabana.

"Gwaggo, ki taimake ni ki bi ni wannan tafiyar," in ji shi. "Ke kaɗai na sani da za ta kalli wando ta sa mai masana'anta ya sunkuyar da kai."

Muka sauka a unguwar Dengfeng, a wani dogon bene da ke cikin lungu mai kwari. Mai gidan wata mata ce gajera mai kuzari, wadda mutanenmu suke kira Lawbaniya, domin lawban shi ne mai shago ko maigida a bakin Sinawa. Ni da Kabiru muna ɗakunan ƙasa, saboda ba na son hawan bene. A can ƙololuwa kuwa, a kan rufin, akwai wani ɗaki na kwano da katako da aka ɗora bayan an gama ginin, kamar akurkin da aka manta a kan katanga. A cikinsa Alhaji Tanko yake zaune.

Alhaji Tanko ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, kuma tun muna yara ya ɗauki wannan a matsayin izinin tsokana wanda ba ya ƙarewa. Baiwata yake kirana, ko kuma Mis, saboda makarantar da na yi. Shi ya ɓoye mini takalmi ranar bikina. Ya taɓa aiko mutum har ƙofar ajina wai in zo in share masa rumfa. Ni kuwa ban taɓa rama masa ba ko sau ɗaya, domin ban ga abin sha'awa ba a ce manya suna abin yara. Alhaji nake ce masa, in gaishe shi yadda ya kamata, in wuce. Duk da haka, a kunnensa kowace magana da ta fito daga bakina wasa ce, ko da kuwa ni ban taɓa nufin wasa ba.

Shi ɗan kasuwar Kwari ta Kano ne, yadi da leshi yake saye. Ya zaɓi ɗakin saman ne wai don yana tuna masa da kwanan soro a Kano lokacin bazara. Gwiwoyinsa kuwa sun riga sun gaji, kuma gidan ba shi da na'urar hawa. Da safe yakan sauko, yana riƙe da ƙarfen bene yana hutawa a kowane hawa, bayan azahar ya koma, daga nan ba mai sake ganinsa a ƙasa sai gobe. Saboda shi ne babba, kuma saboda a can ne kawai ake samun iska, sai ya zama a kan rufin nan Hausawan gidan suke taruwa shan ruwa, ni ma in bi su da kwanon ƙosai ina jan ƙafa.

Azumin shekarar a ƙarshen damina ya faɗo. Mukan yi sahur da shinkafa da shayi, mu yi asuba, mu kama motar Xintang, garin da ake ɗinka jins, inda hannun kowane ma'aikaci shuɗi ne saboda rini. Nakan zauna a benci in juya wando ciki waje, in ja ɗinki, in gwada zik, in ware waɗanda za a sake. Lawban ɗin wurin, da ya hango ni sai ya dafe goshi. Zafin ƙasar kuwa dabam yake da namu. Namu yana ƙona fata ya bar mutum a bushe. Nasu jiƙa mutum yake yi, kamar an lulluɓe shi da tawul ɗin da aka tsamo daga ruwan zafi. Da watan ya yi nisa sai zafin ya sake hali. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Kayan da na shanya da safe, da yamma in same su yadda na bar su, har sun fara tsami. Kyankyasai suka riƙa fitowa daga magudana da rana tsaka, tururuwa suna hawa bango a jere. Kafin la'asar harshen mutum ya yi kauri a baki, magana ma sai an yi tattalinta. Da faɗuwar rana sama ta yi ja kamar an kwara mata manja, 'yan kasuwa suna kallo suna cewa masha Allah. Ni dai jan nan bai kwanta mini ba.

A talabijin ɗin shagon Lawbaniya na ga taswira, da wani farin abu mai kama da gammo yana juyawa a kan teku yana matsowa. Mai karanta labarai tana ta maimaita kalma ɗaya, taifun, taifun. Wannan kalmar na san ta. A darasin labarin ƙasa malamarmu ta taɓa zagayawa da wani hoto tebur-tebur: babban jirgin ruwa a kwance a tsakiyar gonar shinkafa, nesa da teku, da mutane mitsi-mitsi a tsaye a gindinsa.

Da muka taru shan ruwa a ranar, bayan an ci dabino, Alhaji Tanko ya tambayi Kabiru, wanda shi ne mai ɗan Sinancin kasuwa a cikinmu, a kan me Sinawa suke ta kai-kawo.

"Ba komai, Baba," in ji Kabiru, bakinsa cike da ƙosai. "Wai guguwa ce za ta zo jibi."

Sai rufin ya ɗauki dariya.

"Guguwa har da ranar zuwa?" in ji Alhaji. "Ta aiko da goron gayyata ne?"

Wani mutumin Damagaram ya ce su a wajensu, a yini guda sai da yawa su ratsa kasuwa, ba wanda yake ko tashi daga tabarma.

Na ajiye kofina na ce, "Kabiru, ba guguwa suka ce ba."

"To Gwaggo, me zan ce? Ai haka ake fassara ta."

"Wanda ya fassara ta haka bai taɓa ganinta ba."

A nan matsalar take. Guguwa a wurin Bahaushe aba ce da ya sani tun yana yawo ba wando. Takan taso a fili da rana, ta murɗa ƙasa da ledoji, ta ɗauke zanen shanya ko faifan wata, yara su bi ta da ihu, manya su kare ido su yi a'uziyya, kafin a ƙarasa a'uziyyar ta mutu a gindin katanga. Na san yanzu masu labarai suna ƙara mata mahaukaciya a gaba, amma wannan ma bai gyara komai ba, domin wanda ya raina guguwa, in ya ji ta haukace sai ya ƙara dariya. Da Kabiru ya ce bai san sunan abin da ke zuwa ba, da watakila an ji tsoro. Sai ya ba shi sunan abin da kowa ya raina, kuma daga lokacin duk abin da na faɗa ya zama maganar tsohuwar da take tsoron guguwa.

"Mis ta fara darasi," in ji Alhaji. "Ku zauna daidai, kada ta ɗauko bulala."

Washegari muka tarar da Xintang ta zama wani gari. Ba keken ɗinkin da ke ƙara. Ma'aikata sun jeru a matakala suna miƙa wa juna dilolin yadi zuwa hawan sama, domin garin yana kusa da kogi. Lawban ya tare mu a ƙofa yana kaɗa hannu, meyo, meyo, wato babu, ba aiki sai abin ya wuce. Na ce wa Kabiru ya dubi mutumin da ko ranar hutu ba ya kashe inji, yau ya kashe da kansa, ya yi tunani. Ya ce Sinawa tsoro ne da su.

Da muka dawo unguwa, ana ɗaure allunan shaguna da igiya, ana sassare rassan bishiyoyin titi, ana jera buhunan yashi a ƙofofi. A zamanin ba kowa ke riƙe da wayar da za ta nuna masa gajimare a tafin hannu ba, kamar yadda jikokina suke nuna mini yanzu su kuma ci gaba da kwanciyarsu. Wasu mata ne masu jan ƙyalle a damtse, wakilan unguwa, suke bin lungu-lungu da lasifika. Lawbaniya ta zo ta yi mana bayani da hannu da ƙafa, Kabiru yana tsinto abin da ya iya: mutanen ɗakunan ƙasa, saboda ruwa, da na ɗakunan kwano a kan rufi, saboda iska, duk su koma makarantar firamare da ke kan tudu gobe kafin duhu. Ta nuna sama da yatsa, ta kwaikwayi ɗingishin Alhaji, ta buɗe tafin hannunta ta hura masa iska.

Na aiki Kabiru da abokansa su sayo kyandir da ashana da ruwan gora da batir. Suka dawo da katin waya, da lemon kwalba, da wata fitila mai waƙa idan an kunna ta. Kyandir, wai, meyo. Na ce ba shakka meyo, tunda sai da kuka tsaya cinikin fitila mai waƙa. Na fita da kaina, da azumi a bakina, na bi shago-shago har na samo a wurin wani tsoho mai sayar da kayan ibadarsu, jajaye masu kauri. Kabiru ya juya su a hannu ya tambaye ni ko sun halatta. Na ce idan wuta ta ɗauke ya zauna a duhu ya ba kansa fatawa.

Sauran yinin a tsaye na yi shi. Na wanke bokitai da baho, na cika su da ruwa na rufe. Na dafa ƙwai, na soya gyaɗa, na ƙulla garin rogo da sukari da ƙuli-ƙulin da na zo da shi daga gida, domin na san abincin da za a raba a makaranta ba lalle ne ya zama wanda za mu iya ci ba. Muka ɗora akwatuna da samfurin kaya a saman kabad. Na ce wa Kabiru ya manna salatif a gilashin taga yadda na ga maƙwabta suna yi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Da na waiwayo na tarar ya yi wani abu kamar sawun kaji. Na ɓare na sake. Buhunan yashi kuma ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya, baki a kan baki, ta yadda ruwa zai bi tsakaninsu ya shigo har da sallama. Na sa ya sauke ya jera su kamar tubali, kowane buhu ya hau mahaɗar biyun da ke ƙasa. Yana yi yana gunaguni cewa duk wannan wahala don guguwa. Na ce idan ya sake furta kalmar nan a gabana zan yi masa abin da ban yi wa ubansa ba.

Ranar da aka ambata kuwa, aka tashi da gajimare masu gudu, ƙasa-ƙasa, duk sun nufi gefe ɗaya kamar garken da aka koro. Iska ta dawo, amma a guntu-guntu: ta buso da ƙarfi ta kaɗa allo, ta tsaya cik, ta sake. Alhaji bai sauko ba, tunda an rufe kasuwa. Kabiru ya hau ya roƙe shi, ya dawo da saƙon cewa a gaida Mis. Matan jan ƙyalle suka hau da lasifikarsu; ya ce musu nihaw, ya ce shiye-shiye, wato sannu da na gode, ya ba su dabino, ya rako su bakin matakala. Na ce wa 'yan kasuwar gidan su hau su ɗauko shi cak. Suka dubi juna.

"Hajiya, wa zai sa hannu ya ɗauki Alhaji kamar buhu?" in ji ɗaya. "Sai dai ke. Ai tsakaninku ne."

Bayan azahar aka fara kai mutane makaranta. Na tura Kabiru da kayan abinci, na ce ya dawo ya same ni a sama. Na ɗaure mayafina da kyau na kama ƙarfen bene.

Na same shi a ƙofar ɗakinsa a kan kujerar roba, da carbi a hannu, rigarsa tana kumbura tana sacewa. Kwanon rufin ɗakin yana ɗagawa a kusurwa ɗaya yana komawa, kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Na duba ƙusoshin, tsatsa ta cinye kawunansu.

"A'a, baiwata ta zo shara," in ji shi. "Tsintsiya tana bayan ƙofa."

"Alhaji, magana na zo yi, kuma ina so ka saurare ni har in gama. Abin da ke zuwa hadari ne wanda..."

"Hadari ai rahama ne. Mu da muke fita roƙonsa?"

"Ruwa ne da zai cika lungun nan har ƙugu. Ambaliya."

"To ai ke ce a ƙasa, Mis, ni ina sama. Kwaso tabarmarki ki dawo nan, zan bar miki bakin ƙofa."

"Iska ce mai tumɓuke bishiya, mai ɗaukar jirgin ruwa ta ajiye shi a gona. Na ga hoton da idona."

"A littafin Turawa."

"Ka ji sunan da suke kiranta? Taifun. Saurara da kyau ka ji da me ya yi kama. Ɗufana, Alhaji."

Ya tsayar da jan carbi, har na ɗauka maganar ta shiga. Sai ya ɗaga yatsa. "To da Ɗufana ta zo, sama aka yi ko ƙasa?"

"Wanda ya ce zai hau dutse ya tsira, ka san ƙarshensa."

"Kai! Ashe Mis ta taɓa allo!" Ya tafa hannu. "Wa ya ce 'yan mishan ba su san komai ba?"

A rayuwata na tsaya a gaban ajin 'yan mata masu tashen balaga, na tsaya a gaban sufetocin ilimi, ban taɓa rasa kalma ba. Ranar nan na juya Hausa ciki da waje kamar wando ban sami wadda ta kai girman abin ba, kuma ko da na samu, daga bakina za ta fito. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefa tsakuwa. Na san idan wuta ta ɗauke, matakalar nan duhu ce ko da rana, kuma mutumin da yake hutawa a kowane hawa ba zai sauka a guje ba lokacin da rufin ya tashi.

La'asar ta yi. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki buta, ya cire hularsa ya ɗora a kan kujera, ya juya baya ya tsuguna alwala.

Wajibi ne in yi bayani game da hular. Alhaji Tanko ya yi sanƙo tun yana saurayi, sanƙo mai sheƙi har ƙeya, kuma ya tsare shi kamar asirin gida. Abokan cinikinsa na shekara da shekaru ba su taɓa ganin kansa ba. Ko a gabana ya cire ne don a ganinsa ba a jin kunyar baiwa. Sauran hulunansa suna cikin wata jaka da ke rataye a ƙusa, daga ciki kusa da ƙofa.

Na ɗauki ta kan kujera. Na miƙa hannu na sauko da jakar. Na isa bakin matakala, na juyo, na buɗe bakin da bai saba ce masa komai ba sai Alhaji ina kwana, na ce da iyakar muryata:

"Tanko mai sanƙo!"

Ya juyo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya dafe kai da hannu biyu.

"Hulunanka suna hannuna. Makaranta za ni da su. Dukan 'yan Kwari suna can, har da mutanen Damagaram. Zan ɗora wa mijin Lawbaniya wannan mai ruwan ƙasa, in gaya wa kowa abin da take rufewa. In kana so, zo ka fansa."

"Ke! Hauwa! Kin haukace?"

"Ba ɗan namiji ba ne kai? To biyo 'yar mace."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, kuma ban taɓa ganin farin ciki a fuskar mutum irin wanda na gani a tasa ba. Ya yi dariya har da tari. "Yau ta rama! Wallahi yau Mis ta rama!" Ya fizgi tawul daga igiya ya naɗa a kai, ya zura takalmi, ya biyo ni.

Na riƙa tsayawa ƙasa da shi kaɗan, inda zai gan ni amma ba zai kamo ni ba, in ɗaga jakar in kaɗa. Yana saukowa yana nishi, yana rantsuwa cewa yau sai ya sayar da ni ga Sinawa, in har za su yarda su karɓa. Masu ɗakunan tsakiya suka buɗe ƙofofi suna kallon tsohuwa da jaka, tsoho da tawul a ka yana binta. Ni da na yi ta hana ɗalibai ko ɗaga murya a baranda. Ba mu yi nisa ba muka yi kiciɓis da Kabiru da Lawbaniya suna hawowa. Na nuna sama da haɓa. Kabiru ya wuce ya kwaso jakar takardun Alhaji da maganinsa. Matar nan kuwa, Allah Ya saka mata, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta garƙame ƙofar rufin da kwaɗo ta jefa makullin a aljihu. Muna hawan ƙarshe wuta ta ɗauke.

A waje ruwa ya riga ya sauko, kuma a kwance yake tafiya. Laimar Kabiru ta juye tun a bakin lungu, ya yar da ita ya tallafi Alhaji. Haka muka isa makarantar a jiƙe sharkaf. Alhaji ya shiga da tawul a ka, ya ce wa jama'a ruwa ne ya sa.

Babban ɗakin taro ne aka shimfiɗa wa tabarmin roba. Ga tsofaffin Sinawa da jikokinsu, ga ma'aikatan gini da hulunan kwanonsu, ga mu. An ba kowa ruwan gora da taliyar kwali wadda ake zuba wa ruwan zafi. Na duba kwalin na ga hoton alade yana murmushi, na tattara namu na mayar da godiya. Na ɗaura igiyar shanya tsakanin ginshiƙai na rataya zannuwa, mata suka sami gefe. Mazajenmu suka yi ta gardamar alƙibla, kowa da inda ya nuna, har sai da na tuna musu ta inda rana take faɗuwa daga titin nan. Na miƙa wa Alhaji hula ɗaya ta bayan labule, ɗaya tak, sauran na riƙe.

Ba a ga rana ba balle faɗuwarta, da agogo muka sha ruwa. Ƙwai da garin rogo ne suka ciyar da Hausawan ɗakin nan gaba ɗaya. Kabiru ya ci nasa a hasken jan kyandir bai sake tambayar halacci ba. Wata tsohuwa 'yar Sin ta nemi ɗanɗana ƙuli-ƙuli, ta kusa barin haƙori a ciki, amma ta sake miƙo hannu.

Iskar kanta ba zan iya kwatanta ta daidai ba, saboda haka kaɗan zan faɗa. Ba ta busawa ta huta kamar tamu. Kuka ɗaya take yi dogo, kamar jirgin ƙasa da ke wucewa ta bayan ɗaki ya ƙi ƙarewa, kuma a cikin kukan ana jin kwano yana yagewa, gilashi yana fashewa a wani wuri. Ba wanda ya yi dariya. Mutumin Damagaram ya fi kowa ɗaga murya a addu'a.

Sai da rana ta ɗaga washegari aka bar mu muka fita. Bishiyoyi a kwance, saiwoyinsu a sama. Ruwan lungunmu yana janyewa, ya bar laka da takalma marasa 'yan'uwa. Buhunan yashinmu sun tare mafi yawa, abin da ya shiga bai wuce idon sawu ba. Alhaji ya dage sai ya hau, Lawbaniya ta buɗe kwaɗo.

Babu ɗaki. Akwai filin siminti mai haske inda ɗakin ya zauna, da guntayen katako a tsaye, da ƙarfen gado a lanƙwashe ya maƙale a jikin tankin ruwa. Katifa, kujera, akwatin samfurin leshi, kwanon rufi, babu ko ɗaya. Ya taka har tsakiyar wurin, daidai inda yake sa kai in zai kwanta, ya tsaya. Na tsaya ina jiran ya faɗi abin da ya kamata.

Ya gyara zaman hula, ya juya ga Kabiru.

"Ka gani ko? Allah Ya sa na lura da wuri. Tsohuwa ta hawo sama cikin wannan iska ta ƙi sauka, sai da na bi ta da kaina har ƙasa. Da yanzu gwaggonka tana Hongkong a kan kwano."

Haka ya ba da labarin a wurin shan ruwa ranar. Haka ya kai shi Kano, ya ba da shi a Kwari, a wurin suna da ɗaurin aure. Kowace shekara iskar tana ƙara ƙarfi, gwiwoyinsa suna ƙara ciwo, ni kuma ina ƙara nauyi, har aka kai inda goya ni ya yi a bayansa. Na gyara masa a gaban mutane ban san sau nawa ba. Na kira Kabiru shaida, Kabiru ya ce shi a lokacin yana ƙasa, bai ga farkon abin ba. Duk gyaran da na yi, dariya jama'a suke yi, su ce taubasai ke nan.

Ya rasu shekarun baya, bayan gajeriyar jinya. Ranar uku ina zaune a cikin mata, sai ƙaramar 'yarsa ta zo ta durƙusa ta kama hannuna, idanunta sun kumbura.

"Gwaggo, Baba kullum sai ya ba mu labarin yadda ya goyo ki daga saman bene a Sin. Yakan ce a duk abin da ya yi a duniya, wannan ne yake fatan ya tarar a can. Da gaske kin yi nauyi haka?"

Matan ɗakin suka zuba mini ido. Na dubi yarinyar.

"Na yi nauyi ƙwarai," na ce. "Kuma bai ajiye ni ba sai da muka kai ƙasa."